Sojojin da Baba Ya Kiwata a Duro

Shekarar da na gama makarantar horon malamai, na koma gida ina jiran a ɗauke ni aiki, ita ce shekara ta biyu da tattasan Baba yake mutuwa a tsaye. Garinmu a bakin gulbi yake, tsakanin Gummi da Bukkuyum, kuma da zarar ruwa ya janye kowa fadama yake sauka noman rani. Wasu albasa, wasu tumatir. Baba kuwa tun tasowarsa tattasai da attarugu ya sani, kuma yana alfahari da su fiye da yadda yake alfahari da mu.

Ciwon haka yake zuwa: da safe ka ga shuka shar, kafin azahar ganyen ya langaɓe kamar an watsa masa ruwan zafi. Bayan kwana uku ta bushe. In ka tuge ta, gindin ya yi baƙi, saiwar ta ruɓe tana wari. Baba ya barbaɗa toka, ya sayo maganin feshi a kasuwa har kala uku, ya karɓo tofi ya yayyafa a kusurwa huɗu ta lambun. Da duk suka ƙi, sai ya daina gaisawa da mai lambun da ke gabas da shi, saboda mutumin ya taɓa cewa tattasan ya yi kyau.

Ana cikin haka aka kira manoman rani taro a Gummi. Baba ya tafi da sassafe a kan babur ɗinsa, ya dawo bayan azahar yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihu. Ni da Inna muna tsakar gida muna tsintar shinkafa.

"Ku gyara wuri," in ji shi tun daga zaure. "An ba mu sojoji."

Inna ta saki faifan da ke hannunta. "Sojoji? Nan gidan?"

"Nan gidan. Sojojin ƙasa."

"Su nawa?"

"Malamin gona ya ce ba su ƙidayuwa."

Inna ta laluba turmi ta zauna a kai. Ta dubi ɗakunanmu guda uku, ta dubi rumbu. "To mi za mu ba su su ci, Malam?"

"Sukari su ka ci."

Sai ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da wata 'yar kwalba da ba ta fi tsawon yatsa biyu ba, an naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma. A ciki akwai ruwa mai duhu kamar na tsamiya. Ya ɗaga ta sama ya ce ga su nan.

Inna ta daɗe tana kallonsa. Daga nan ta tambaye shi ko ya daɗe a tsaye cikin rana.

Baba ya miƙo mini wata takarda da aka haɗo da kwalbar, rubutun Turanci ne gaba da baya. Daga abin da na karanta da abin da ya riƙe na bayanin taron, na gane maganar. Ciwon da ke kashe tattasai wata irin fumfuna ce da ke zaune a cikin ƙasa, tana son inda ruwa ke kwanciya. Abin da ke cikin kwalbar kuwa ƙwayoyin bakteriya ne, amma masu amfani. In aka zuba su a gindin shuka sai su mamaye saiwar, su cinye abincin da fumfunar ke nema, su hana ta wurin zama. Malamin gona ne ya kira su sojojin ƙasa don manoma su fahimta, ƙasar da ake nomawa yake nufi. Kwalba ɗaya ba za ta ishi lambu ba, don haka sai a zuba ta a ruwa mai ɗan zaƙi su hayayyafa kafin a kai su gona.

Inna ba ta gamsu ba. Ta ce ita tun abin da ya faru da yaran Dareta, da gubar ƙasar haƙar zinariya ta kashe da yawansu, take tsoron duk wani abu da aka ce yana cikin ƙasa amma ido ba ya ganinsa. Baba bai yi dariya ba, domin wannan magana ba ta wasa ba ce a wajenmu. Ya ce wancan dalma ce, guba ce, waɗannan kuwa masu rai ne, kuma namu ne. Ta ce to, amma kada su kusanci randarta.

Nan aka zo wurin awo, kuma nan ne nawa aikin ya shigo. Baba ya zauna a kan tabarma, ya ce in karanta a hankali, ba banza ya tura ni makaranta ba. Na gyara murya. Takardar ta ce a kowane bokitin ruwa a zuba sukari cikin wani abu sau ɗaya. Kalmar wannan abin na san ta tun ina aji uku a firamare, har hotonta akwai a littafinmu: wani yaro tsaye da ita a kansa. Ban ko yi shakka ba.

"Cikin tagiya ɗaya," na ce. Mu a wajenmu hula tagiya muke ce mata.

"Tagiya?" in ji Inna. "Wagga da a ka sawa ga kai?"

"Haka anka rubuta, Inna."

Baba ya gyaɗa kai, ya ce ai mutanen nan sun san da manoma suke magana, ba kowane gida ke da ma'auni ba amma kowane namiji yana da tagiya. Matsalar da ta rage ita ce wace tagiya. Ya shiga ɗaki ya kwaso duka ya jera a kan tabarma. Akwai 'yar fara ta zuwa gona, akwai ƙube mai zurfi ta Juma'a, akwai malfa. Inna ta nuna 'yar farar. Baba ya ce ba za a ce baƙi sun sauka gidansa ya auna musu abinci da tagiyar gona ba. Ya ɗan tsaya a kan malfar, na ce masa ina jin malfa sunanta daban a Turanci. Aka tsaya a kan ƙube.

Sukarin gidan bai cika ko rabinta ba. Ƙanen Baba yana da gonar rake kuma yana dafa mazarƙwaila, don haka Baba ya je ya ɗauko curi-curi, ya sa muka daka. Ya wanke wani shuɗin duro na roba, ya zuba ruwa bokiti huɗu, ya auna ƙube huɗu cike har da tozo. Ya juye kwalbar da bisimilla, ya motsa da muciyar Inna ba tare da ya tambaye ta ba, ya rufe da tsohon bargonsa a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida.

Na tambaye shi sai yaushe za a kai su gona. Ya ce malamin gona ya ce a bar su su kwana biyu.

"Wato jibi ke nan?"

"Ke dai yarinya ta," in ji shi. "In mutum ya ce maki kwana biyu ba mu haɗu ba, jiya da shekaranjiya shi ka nuhi? A bar su su yi ƙiba."

Daga ranar gidanmu ya koma gidan masu jego. Baba ya hana daka a kusa da darbejiya. Ya hana ƙure rediyo. In ya dawo daga sallar asuba sai ya ɗaga gefen bargon ya ce, "Kun tashi lahiya?" kafin ya gaida Inna. A rana ta uku duron ya fara tsuwa, kumfa tana tasowa tana fashewa. Baba ya kira mu, ya sa kowa ya kara kunne.

"Kun ji? Atisaye su kai."

A rana ta biyar wari ya fara fita. Da fari kamar kunun da ya kwana, daga baya ya koma wani abu mai hawa kai. Ƙudaje suka zo, ƙudan zuma suka biyo su, tururuwa ta ja layi tun daga bayan rumbu. Inna ta ce tuwonta ma ya fara ɗaukar warin. Baba ya ce duk inda maza suka taru da yawa dole a ji tsami.

Maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya ranar Laraba. Ta tsaya a tsakar gida, ta buɗe hanci, ta dubi duron da ke lulluɓe da bargo yana huci. Ta tambayi Inna mene ne a ciki. Inna, da yake ta gaji da maganar, ta ce, "Abin Malam na, ya ce kar a taɓa mai." Matar ta fita da sauri har ta manta rariyar.

Ranar Juma'a Baba ya dawo daga masallaci yana mamaki. Ya ce sahu ya cika maƙil amma an bar masa fili dama da hagu, har wani ya ce masa Allah ya shirye mu baki ɗaya, alhali gaisuwa kawai ya yi masa. Ya yanke hukuncin cewa labarin sojojinsa ne ya bazu, hassada ta motsa.

Bayan la'asar aka yi sallama. Liman ne da kansa, da ladan, da wasu dattawa biyu. Ladanmu tsoho ne mai farin gemu, wanda ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota zuwa Kurmi kafin ya dawo gida ya kama masallaci. Baba ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, amma liman ya ce in ba damuwa tsakar gida suke son shiga. Ni da Inna muka shige madafa, muka bar ƙofar a buɗe.

Liman mutum ne mai kunya. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi mahaifin Baba, ya yi maganar yadda zamani ya lalace, ya ce talauci yana sa mutumin kirki ya kama sana'ar da bai gada ba. Baba yana ta cewa gaskiya ne. Da ɗaya daga cikin dattawan ya ga abin ba zai ƙare ba, sai ya nuna duron da sanda.

"Cewa anka yi giya kaka dahwawa."

Baba ya tashi ya yaye bargon da ƙarfi, warin ya bugi kowa, dattawan suka ja da baya suna toshe hanci da bakin rawani.

"Sojoji na!" in ji Baba. "Na tattasai!"

Liman ya leƙa ciki a hankali. Ya ce shi kumfa kawai yake gani. Baba ya ce ai ba a ganinsu. Liman ya tambaya ko shi ya taɓa ganinsu. Baba ya ce a'a, amma yana jin motsinsu. Dattawan suka dubi juna, kuma na ga alama sun fara tunanin da giyar ce ma da abin ya fi sauƙi.

Sai liman ya faɗi gaskiyar damuwarsa. Ya ce ba zai yanke wa mutum hukunci a kan zato ba, kuma shi tunda aka haife shi bai san warin giya ba. Ya tambayi dattawan. Kowanne ya rantse bai sani ba, ɗaya har yana neman tsari.

Duk wannan lokacin ladan yana tsaye a bakin duron, hannuwansa a baya. Ya sunkuya ya shaƙa, ya lumshe ido, ya sake shaƙa. Ya karkata kai yana sauraren kumfar.

"Wagga ba ta kai ba," ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana. "Ta dai kama hanya. Zaƙin ya yi yawa, kuma ba a sa tsiron dawa ba. Wanda duk yay yi wanga aiki bai iya ba. Ko kyauta anka ba mutane ba su sha."

Inna ta cusa bakin zanenta a baki, kafaɗunta suna rawa.

Liman ya juyo gaba ɗaya. "Ladan, ina kas san wanga?"

Ladan ya buɗe ido, ya ga kowa shi yake kallo. Ya gyara rawani. "Allah shi gafarta Malam, hira ta naj ji ga tasha."

"Har da tsiron dawa?"

"Doguwar hira ta."

Liman ya yi tari, ya ce magana ta ƙare a nan, abin da ya wuce tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. Game da duro kuwa, kada a taɓa, kada a ɗanɗana, a kira malamin gona ya zo ya yi bayani da bakinsa.

Washegari da hantsi malamin gona ya iso. Mutum ne siriri mai yawan fara'a, ɗan wajen Anka. Liman ya dawo don ya ji da kunnensa, ladan kuwa ya aiko cewa ƙafa na damunsa. Malamin gona ya ɗaga bargon, ya saki, ya koma baya taku uku.

"Baba, kwana nawa ke nan?"

"Tara."

"Ba kwana biyu nac ce ba?"

"To ai sun kwana biyu."

Ya shafa fuska. Ya tambayi yawan sukarin da aka zuba. Baba ya shiga ɗaki ya fito da ƙuben, wadda har lokacin take danƙo duk da wanki biyu, ya ce wannan sau huɗu, kuma bai yi musu ƙwauro ba. Malamin gona ya dubi hular, ya dubi duron, ya nemi a ba shi takardar. Ya bi layin da yatsa. Sai ya zauna a kan turmi ya yi ta dariya har da hawaye, liman yana jiransa. Da ya samu numfashi ya ce a kawo masa kwalbar da aka juye. Ya kwance ɗan murfinta, wanda bai fi kan babban yatsa ba, ya ɗaga.

"Wanga a tagiyar. Tagiyar kwalba. Su Turawa da murfi da tagiya duk suna guda su ka kiran su. Wa yak karanta maka?"

Kowa ya juyo wajen ƙofar madafa inda nake tsaye. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ai ba laifina ba ne, Turancin ne ke da rowar kalmomi. Inna ta ce shekara uku tana soya mini yaji da ƙuli ana kai mini makaranta, ashe tagiya nake karantawa.

Malamin gona ya yi wa liman bayani cewa zaƙin da ya yi yawa da daɗewar da aka yi su suka jawo wasu ƙwayoyin daban daga iska, irin masu sa ƙullu ya kumbura, suka mamaye duron. Ba giya aka nufa ba, amma da an ƙara kwanaki da an samu wani abu mai kama da ita. Baba bai damu da wannan ba. Tambayarsa ɗaya ce.

"To sojojin nan nawa hwa, suna nan?"

"Da wuya in akwai sauran mai rai, Baba."

Baba ya yi salati, ya zauna. Ya ce shi ya kashe su da hannunsa, amanar da aka ba shi. Da gaske yake, idonsa har ya kaɗa. Inna ta ce ya yi haƙuri, ko ba komai ba da yunwa suka tafi ba.

Aka haƙa rami a bayan gida aka tuntsurar da duron, aka tura ƙasa. Ba a tura da yawa ba, domin da yamma muka ga akuyar Inna ta shigo tana tafiya a karkace, bakinta duk laka. Ta jingina da bango ta daɗe tana kallon sama, sannan ta je ta tunkuyi ragon layya wanda ya ninka ta biyu, ta faɗi a gabansa ta yi barci. Inna ta hana a sha nonon akuyar har mako guda.

Malamin gona ya dawo da sabuwar kwalba bayan kwana huɗu, kuma wannan karon bai bar wa kowa takarda ba. Shi ya auna da murfi, shi ya dawo ranar da ya ce. Na bi su fadama ranar dashe don in wanke laifina. Muka riƙa tsoma saiwar kowane dashe a cikin ruwan kafin a kafa shi, sauran aka zuba a gindi. Ya sa Baba ya tayar da kunya maimakon dasawa a cikin fangali inda ruwa ke kwanciya, ya ce a rage sakin ruwa, kuma duk shukar da ta kamu a tuge ta a ƙone nesa da lambu. Ya kuma ce a bar layi biyu a ƙarshen lambu ba tare da an zuba musu komai ba, don a ga bambanci. Baba ya yarda da ƙyar. Kullum in ya zo wucewa ta wurinsu sai ya ce musu su yi haƙuri, ba shi ya ce ba.

Ciwon bai ɓace ba. Ya zo a lokacin da ya saba, ya ɗauki ɗai-ɗai a nan da can. Amma a layi biyun nan ya fi yin ɓarna, har mai wucewa yana iya gani daga kan hanya. Sauran lambun ya tsaya, ya yi fure, ya yi 'ya'ya. Ni har yau ban san rabon da ƙwayoyin suka ɗauka a wannan nasara da rabon kunyar da aka tayar ba, kuma malamin gona ma ya ce duka biyun ne suka taru. Baba bai karɓi wannan ba. A wurinsa sojoji ne suka yi aiki.

Da tattasai ya fara ja, manoma suka riƙa zuwa kallo, har daga wajen Gwashi. Baba yana zagayawa da su layi-layi yana bayani. Wata rana ya kama wani yana cusa ƙasar gindin shuka a aljihu. Tun daga ranar ya kafa doka: ya ajiye tsintsiya a bakin shinge, duk wanda zai fita sai ya cire takalmi ya kakkaɓe a cikin lambu, kada a fita masa da soja ko ɗaya. Mai garinmu ma da ya zo sai da ya tsaya da ƙafa ɗaya, yana dafe da kafaɗar wani, Baba yana share masa tafin takalmi. Mai gari ya tambaye shi ko ya gama. Baba ya duba da kyau, ya ce saura ɗayan.